Wasika zuwa ga Edita: Kafin ka tsorata da lambar gwajin homon, karfe nawa aka dibi jinin?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ka ara min dan fili a jaridar nan taka, akwai abin da ya dade yana ci min tuwo a kwarya kuma nasan in ban amayar dashi ba bazan samu sukuni ba.

Ni aikin lab nake yi, dakin gwajin jini, shekara 13 kenan. Abin da na lura dashi kwanan nan shine kowa ya zama malamin homon, wato sinadaran nan da jiki ke kerawa suna kai sako ta cikin jini. Mutum zai karbi rizolt dinsa, ko kofa bai fita ba ya dauki hoto ya tura wa wani, wai duba min an ce homon dina yayi kasa. Ni kaina sati baya wucewa ban samu irin wannan hoton ba, kuma tambayata ta farko kullum daya ce, karfe nawa aka dibi jinin? Sai kaji shiru. Ta biyu, me kake sha, me kike shafawa? Nan ma shiru, ko ace min ai ba komai.

To bari in dan yi shimfida. Su wadannan homon da ake kira sitiroid duk 'yan gida daya ne, daga kolestirol jiki yake kera su, eh wannan kolestirol din da ake ta zagi. Akwai kotisol mai rike sukari da hawan jini da taimakon jiki lokacin wahala ko rashin lafiya, akwai aldostiron mai rike gishiri, su biyun daga wasu 'yan kananan halittu suke fitowa da ke zaune a saman kowace koda, adirinal. Sai testostiron da istirojin da furojestiron da aka fi sani saboda maganar haihuwa. Dukkansu gininsu daya, zobe hudu a manne da juna, bambancin dan kadan ne a gefe-gefe. Ka rike wannan maganar ta kamanni Malam Edita, zan dawo kanta.

Akwai wata baiwar Allah da bazan manta ba. Likita ya turo ta gwajin kotisol saboda fuskarta tayi fam ta zama zagaye, ciki ya fito, kafafu sun sirance, ga nankarwa manya-manya jajaye a cinya da hammata, ga sukari ya hau. Duk wanda ya karanta littafi zai ce kotisol ne yayi mata yawa, cutar da Harvey Cushing ya bayyana tun 1932. Muka dibi jini karfe 8 na safe, ina jiran in ga lamba ta tashi sama, sai inji ya bani 28 a ma'aunin nanomol, alhali lafiyayyen mutum a wannan lokacin daruruwa muke gani. Na dauka inji ne ya samu matsala, na sake saka kwantirol, samfurin da muke gwada lafiyar inji dashi, lafiya lau, na maimaita jinin, abu daya. Sai na fito na same ta a benci nace Hajiya dan Allah kina shan wani magani? Tace wallahi Malam ko farasitamol bana sha. Nace to mai fa, na shafawa? Tayi dan jim, ta kalli 'yar rakiyarta, sannan ta bude jaka ta fito da wani dan tub da aka matse shi har ya nade. Na juya bayansa, kulobetasol, maganin sitiroid ne mai aiki irin na kotisol. Shekara hudu tana hada shi da man shafawarta tana mulke jiki dashi safe da dare, kuma ita har ga Allah bata dauke shi magani ba, ai mai ne.

Abin da ya faru shine fata ta dinga tsotse sitiroid din yana shiga jini, ita kuma kwakwalwa akwai wata 'yar halitta a gindinta, fituwitari, wadda ke aika sako ga adirinal cewa a kera kotisol, da taga jini cike da mai kama dashi sai ta daina aikawa, adirinal ta kwanta barci. Jiki yana nuna alamun yawa, takarda tana nuna babu. Kuma abin tsoron ma ba wannan bane, da ace ta fusata ta jefar da man a ranar ta daina lokaci guda, ko zazzabi mai zafi ya kama ta, jikinta bashi da kotisol din kansa da zai tare, jini zai iya faduwa ta sume, ana mutuwa a haka. Duk wanda ya wuce sati uku zuwa hudu yana shan magungunan sitiroid irin su deksametason ko firednisolon, a hankali likita yake janye masa, ba'a yankewa dare daya.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ni ba makiyin sitiroid bane. A 1948 a asibitin Mayo da ke Amurka, Philip Hench ya fara yiwa wata mata allurar kotison, wani dan uwan kotisol, ciwon gabbai ya kwantar da ita, cikin 'yan kwanaki ta mike tana tafiya, shekara biyu bayan nan a 1950 aka bashi kyautar Nobel shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ko a 2020 lokacin korona, binciken da akayi a Birtaniya ya nuna deksametason miligiram 6 a rana ya rage mutuwa da kusan kashi daya cikin uku a marasa lafiyar da ke kan injin numfashi. Magani ne na gaske, shi yasa ma yake da hatsari.

Yanzu maganar kamanni. Yawancin injinan da ake gwajin homon dasu a duniya suna aiki ne da antibodi, dabarar da ta samo asali daga aikin Rosalyn Yalow da Solomon Berson, ita Yalow din ta samu Nobel a 1977. Ka dauka maigadi ne aka bashi hoton mutum daya akace duk sanda ya wuce ka kirga. To matsalar ita ce mutumin yana da 'yan uwa masu kama dashi sak. Kotisol nauyinsa 362, firednisolon 360, kwayar haidurojin biyu kacal ta raba su, maigadi sai ya kirga wannan a madadin wancan. Shi yasa zaka samu mutum biyu duk suna shan sitiroid, mai shan firednisolon takardarsa ta nuna kotisol kamar lafiya lau ko ma sama, mai shan deksametason kuma tasa ta nuna kusan sifili saboda shi inji baya ganinsa, alhali su biyun adirinal dinsu a kwance take. Kama da wane bata wane, amma inji bai san wannan karin maganar ba.

Inda abin yafi muni shine testostiron na mata da yara. Na namiji baligi ya ninka na mace sau goma ko fiye, su kuma injinan an fi gina su ne dan maza, to in aka zo kasa-kasa can inda lambar mace take sai hannunsu ya fara rawa. A 2003 wasu masu bincike a Faransa sun gwada irin wadannan gwaje-gwaje kala goma suka kwatanta da hanya mafi inganci, babu ko daya da aka samu abin dogaro a jinin mata da yara, har wasu masana suka yi rubutu suna tambaya ko gwajin ya fi canki-canka. An samu cigaba daga lokacin gaskiya, amma har yau in naga an gina wa mace hukunci akan lamba daya ta testostiron sai gabana ya fadi. Hanyar da tafi ita ce wadda ake kira LC-MS/MS, ita ba fuska take kallo ba, sai ta fara saka sinadaran tsere cikin wani siririn bututu kowa ya fito a lokacinsa, sannan ta auna nauyin kowanne ta fasa shi ta auna gutsattsarin. Tseren dole ne, dan testostiron da wani dan uwansa DHEA nauyinsu daya cif, 288, sikeli kadai bazai raba su ba. Sai dai injin tsada gare shi kuma yana son kwararren hannu, ba kowane lab ke dashi ba.

Sai lokaci. Kotisol ba tsayayyen abu bane kamar rukunin jini, yana tashi sama da sassafe jim kadan bayan an farka, ya dinga sauka har ya kai kasa wajen tsakar dare. Lambar da in ka ganta karfe 11 na dare lafiya ce, in ka ganta karfe 8 na safe abin damuwa ce. Mai aikin dare kuma nasa agogon daban. Testostiron na maza shima da safe ake dibarsa kafin aci abinci, kuma ba'a yanke hukunci sai an maimaita a wata ranar, amma zakaga saurayi an dibi jininsa da la'asar bayan ya kwana bai yi barci ba, ya ga lamba kasa, shikenan ya shiga neman allurar testostiron, allurar da in ya dade yana yi ita da kanta zata rage masa maniyyi. Mace mai shan kwayar tsarin iyali mai istirojin kuma kotisol dinta zai fito sama ba dan tana da ciwo ba, sai dan furotin din da ke daukar kotisol a jini ne ya karu. Ko kwayar bayotin da ake sha dan gashi da farce, hukumar FDA ta Amurka ta yi gargadi a 2017 cewa tana rikita wasu injinan. Ga kuma ma'auni, wani lab da nanomol yake rubutawa wani da maikurogiram, kotisol 10 a maikurogiram shine 276 a nanomol, mutum ya dauki takardu biyu ya jera yace homon dinsa ya fadi warwas.

Amma abin da yafi taba min zuciya, wanda ma shine ya sa na dauki waya na fara rubutun nan, jarirai ne. Akwai wata cuta ta gado da ake kira CAH a takaice, wajen jariri 1 cikin 15,000 ake haifa da mai tsananin. Sama da kashi 90 cikin 100 matsalar daga kwayar gado daya ce, CYP21A2, a kan kuromosom na 6, ita ke bada umarnin kera sinadarin da adirinal ke bukata kafin ta iya hada kotisol da aldostiron. Uwa tana dauke da kwafi daya mai matsala, uba ma haka, su biyun lafiyarsu kalau basu san komai ba, amma kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 yaron ya gaji biyun. Kowane ciki fa, ba wai in an haifi daya sauran ukun sun tsira ba, kuma ba laifin uwa bane ita kadai kamar yadda ake saurin dorawa.

Da yake hanyar kotisol ta toshe, kayan hadin sai su taru su malala ta hanyar homon din maza. Jaririya mace sai a haife ta gabanta ya rikide, wani lokacin har a dauka namiji ce, alhali mahaifarta da gidan kwai suna nan lafiya a ciki. Ita ko ba komai ana ganin alama a tashi bincike. Namijin shine abin tausayi, ana haifarsa babu abin da ido zai gani, a sallame su, sai a sati na biyu ko na uku ya fara amai, ya ki kama nono, ya rame, ya yi laushi. Na taba rike jinin irin wannan yaron, kwana 12 a duniya, sodiyom, wato gishirin jini, ya fadi kasa sosai fotasiyom ya hau, na dauki takardar da kafata na kai wa likita ban jira masinja ba. Uwar tana zaune tana ta kokarin bashi nono yana kauda kai, ashe ta taba rasa wani dan a daidai wannan kwanakin akace mata amai ne kawai. Wajen kashi uku cikin hudu na masu tsananin cutar haka suke zubar da gishiri. Kuma maganin sananne ne tun 1950 da Lawson Wilkins na Johns Hopkins da wasu suka fara basu kotison, yau haidurokotison ne da fuludurokotison da dan karin gishiri, yaro ya girma yayi makaranta.

Gano ta kuma digon jini ne daga diddigen jariri a kan kati, a auna wani sinadari 17-OHP, dabarar da Songya Pang da Maria New suka fito da ita a 1977, kasashe da dama yanzu duk jaririn da aka haifa sai an yi masa. Nan ma dai maganar lokaci da kamanni ta dawo, in aka diba a ranar farko ko jaririn bakwaini ne lambar takan hau ba tare da cutar ba, sai an sake tabbatarwa. Gwajin kwayar gadon ma ba sauki ba, dan a makwabtaka da ita akwai wata matacciyar kwafinta da bata aikin komai, kamanninsu ya kai kashi 98 cikin 100, in ba'a yi hattara ba sai a karanta waccan.

To rokona Malam Edita, in zaku yi rubutu a shafin lafiya akan homon, dan Allah a daina buga jerin lambobi ace wannan shine daidai ba'a fadi ma'auni ba, ba'a fadi lokaci ba, ba'a ce na mace ne ko namiji ko yaro ba, mu ne muke shan tambayoyin daga baya. Ku nemo likitan homon na yara ya yi wa iyaye bayanin jaririn nan mai amai a sati na biyu. Mu ma 'yan lab bamu wanke ba, a fom din gwaji akwai dan akwati da aka rubuta lokacin diban jini, da wani na magungunan da mara lafiya ke sha, jiya kadai fom bakwai na kirga a tebur dina duk an bar su fayau, sai da na dinga bin mutane a benci daya bayan daya ina tambaya.

Na gode, Allah ya kara daukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin dakin gwajin jini