Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Baba Bishop: A Bar Fada Ya Kai Mu Ista

Mai Girma Baba Bishop,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina yi maka barka da azumi, Allah ya ƙara maka lafiya da hikimar riƙon wannan dayosis.

Ranka ya daɗe, takardar sauyin wuraren aiki ta iso mu, an karanta ta a coci bayan Misa. Ta ce Fadanmu, limamin cocinmu, zai tashi kafin Lahadin Ganyen Dabino, wato mako ɗaya kafin Ista, sabo ya zo ya karɓa. Ikonka ne, babu mai ja. Kowane Fada ya sa hannuwansa cikin hannun bishop ranar naɗinsa ya yi alkawarin biyayya, mu ma da wannan tarbiyyar muka tashi. Kukana a kan lokacin ne kawai.

Bana, 2026, mun shafa tokar fara azumi ranar Larabar Toka, 18 ga Fabrairu, Ista kuma 5 ga Afrilu. Tsakanin ranakun nan biyu aikin Fada ya fi na kowane lokaci nauyi. Kowace Juma'a akwai Hanyar Gicciye. Ga masu shaida zunubi, waɗanda da yawansu sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma a wannan lokacin ne. Ga tsofaffi da marasa lafiya da ke kwance a ƙauyuka suna jiran a kai musu Jibin Ubangiji kafin idi. Fadan da ya zauna da mu ya san gidan kowannensu, ya san wanda sai an bi ta bayan rafi, ya san wanda 'ya'yansa ba sa son a zo sai an lallaɓa. Wannan sanin ba ya shiga takardar miƙa aiki.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu koyon baftisma, don ni nake koyar da su. Manya ne, wasu da furfura. Akwai mai mata biyu da aka daɗe ana zama da shi kan yadda za a daidaita gidansa ba tare da an zalunci kowa ba. Akwai matar da danginta suka juya mata baya. An rubuta sunayensu a Lahadin farko na azumi, kuma a Lahadi na uku da na huɗu da na biyar ake yi musu addu'o'in tsarkakewa, kafin daren Asabar Mai Tsarki a yi musu baftisma. Fadan da ya ji damuwarsu, ya yanke hukuncin wa ya shirya, wa zai ƙara jira, shi ne zai ɗaure kaya saura 'yan kwanaki. Wanda zai zuba musu ruwa bai taɓa jin sunansu ba. Baftismar tana nan daram, mun sani, Almasihu ne mai yin ta ko da hannun wa. Amma mutum ba dutse ba ne. Tun da aka karanta takardar wata tsohuwa take tambayata ko sai ta sake faro labarinta daga tushe.

Shi ma sabon Fadan a duba masa. Baƙo ko da ido makaho ne. Zai sauka ya tarar da Mako Mai Tsarki a bakin ƙofa, bai san ko ɗaya daga cikin katikis masu koyar da addini ba, bai san shugabar Zumuntar Mata ba, bai san wace hanya ake bi da safe a guje ta da yamma ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce a ƙasarmu yau. Ba mu manta da Fada Sylvester Okechukwu na dayosis ɗin Kafanchan ba, wanda aka ɗauke daga gidansa, aka tsinci gawarsa ranar Larabar Toka, 5 ga Maris 2025. Ba mu manta da Fada Isaac Achi da aka ƙone a gidansa a Kafin Koro cikin Janairun 2023 ba. Fadan da zai zagaya majami'un ƙauye yana bukatar mutanen da za su ce masa yau kada ka fita, kuma irin wannan amana sai an zauna tare take ƙulluwa.

Na san akwai abin da kake gani daga kujerarka da mu ba ma gani. Fadoji sun yi kaɗan, wani zai tafi ƙarin karatu, wani jikinsa ya ƙi, wani wurin kuma rigima ce ta sa dole a raba. Idan ta gaggawa ce, ba mu da ta cewa. Amma sauyin da aka saba yi bayan 'yan shekaru, me zai ɓaci idan ya jira makonni kaɗan? Dokar Ikilisiya ta 1983 ma, a sashe na 522, ta ce ya kamata Fadan da ke riƙe da farish, wato coci da majami'un da ke ƙarƙashinta, ya samu zama tabbatacce. Ni a fahimtata, an faɗi haka ne domin jama'a, ba domin jin daɗin Fada ba.

Don haka nake roƙo, Baba: a ɗaga tashin Fadanmu zuwa bayan Ista. Ya zo Misar keɓe mai tare da sauran 'yan'uwansa, ya dawo mana da man da za a shafa wa waɗanda ya shirya, ya yi musu baftisma da hannunsa. Fentikos, idin saukar Ruhu Mai Tsarki, 24 ga Mayu ne. Tsakanin Ista da ranar akwai sarari da zai ɗauki magajinsa su zagaya ƙauyuka tare, ya nuna shi ga dattawa da masu unguwa, su zauna da kwamitin coci kan littattafan baftisma da na aure da kuɗin gini, tun ruwa bai sauka ya datse hanyoyi ba. Mu ma mu samu damar yi masa sallama yadda ya kamata, ba cikin kwanakin da ko ganga ba a son bugawa ba.

Ina kuma roƙon a mayar da wannan ƙa'ida a dayosis baki ɗaya, cewa daga Larabar Toka zuwa Ista ba a tayar da Fada sai da larura. Wanda za ka turo mana, in Allah ya kawo shi, za mu tarye shi hannu bibbiyu. A dai duba mana wanda yake jin Hausa sosai, don yawancin tsofaffinmu ba su da wani harshen da za su shaida zunubi da shi.

Ina jiran amsarka, Baba, ni da masu koyon baftisma.

Ɗanka cikin Almasihu,
Wani katikis daga majami'un ƙauye