Madarar leda da biskit ba abincin jarirai ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari da ni kaina nake da hannu a ciki, kasancewar ina da ɗan shagon kayan masarufi a wata unguwa cikin garin Bauchi.

Kusan kowace safiya sai an aiko yarinya ta ce mini, "Baba, wai a ba da madara leda ɗaya da biskit, na ƙanena ne." Idan na tambayi watannin ƙanen, sai in ji huɗu ko biyar. Na san abin da za a yi da ledar nan: za a dama ta da ruwa mai yawa don ta kai yamma, a ƙara sukari don yaro ya karɓa, a zuba a bulumbotin da ba lallai ne an tafasa shi ba. Yawancin irin wannan madara an cire mata man nono an maye gurbinsa da man tsirrai, kuma a jikin ledar akan rubuta cewa ba ta dace da jarirai ba, amma da Turanci ne, da ƙananan haruffan da ni ma sai na ɗauko tabarau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2, wanda shi ne wa'adin da ya zo a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Sai dai binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa sun tsumbure.

Ban ga laifin iyaye mata ba. Mace ce da ita ma ba ta ƙoshi ba, ga surukarta tana cewa nonon bai isa ba, ga talla ta cusa mata cewa abin da ke cikin leda da gwangwani shi ne abincin 'ya'yan masu hali. Alhali ko na masu halin bai tsira ba, domin a 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta bayyana cewa ana ƙara sukari a Cerelac ɗin da ake sayarwa a ƙasashe irin namu, ba a kuma ƙarawa a irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila, ko da yake kamfanin Nestlé da ke yin sa ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. Yaron da harshensa ya saba da zaƙi tun yana goye, in an ba shi kunun gero sai ya kau da kai, cikinsa ya cika da biskit da lemon roba, jikinsa kuwa bai samu komai ba. Daga gudawa sai rama, daga nan sai layin karɓar maganin tamowa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kuɗin da ake kashewa a shagona kan waɗannan kayan zai sayi ƙwai, ko a tara na kwana biyu a auno gero da gyaɗa da waken suya a kasuwar Muda Lawal, a soya a niƙa, a riƙa dama wa yaron da ya wuce wata 6, a barbaɗa masa garin zogale ko na busasshen kifi.

Ina kira ga hukumar NAFDAC da ta tilasta a riƙa rubuta gargaɗin nan da Hausa, da boko da ajami, da manyan haruffa. Gidajen rediyonmu da limaman Juma'a kuma su yi wa magidanta bayani, tunda su ke ba da kuɗin cefane. Ni dai na fara tambayar watannin yaro kafin in miƙa leda, kuma tuni gidaje biyu suka koma sayayya a shagon maƙwabcina.

Wassalam,
Wani mai shago, Bauchi