A bibiyi kuɗin makarantun gwamnati da albashin malamai a jihohi

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan yadda ingancin karatun yaro a makarantar gwamnati ya koma dogaro da jihar da aka haife shi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar kula da ilimin matakin farko ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta fara ajiye nata kason. A nan gizo ke saƙa, domin jihohi da dama sukan bar biliyoyin naira jibge a asusun hukumar shekara da shekaru, alhali ɗalibansu na zaune a ƙasa cikin azuzuwan da iska ta yaye rufinsu.

Batun albashi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. An amince da naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma a 2025 malaman firamare na Abuja, babban birnin tarayya ɗungurungum, sai da suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan rashin biyansa. Malamin da ke fita acaɓa bayan an tashi makaranta domin ciyar da iyalinsa ba zai samu natsuwar duba littattafan ɗalibai ba.

Ina kira ga jaridarka da ta riƙa wallafa sunayen jihohin da ba su karɓi tallafinsu na UBEC ba, tare da abin da kowace ke biyan malamanta.

Wassalam.