Kira daga bencin jiran masu ciwon daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in isar da kira ga jama'ar Jihar Kebbi, musamman masu hannu da shuni, malamai, sarakunanmu da ma'aikatan lafiya. Ni tsohuwar malamar firamare ce daga Jega, kuma yau shekara biyu ke nan ina fama da ciwon dajin mama. An yi mini aiki an cire nono ɗaya, an yi mini ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo, an yi mini gashi da na'ura, kuma har yanzu ban rabu da asibiti ba, domin likitoci sun ce ciwon ya taɓa ƙashin bayana. 'Ya'yana suna tsaye a kaina gwargwadon hali, saboda haka ba buƙatar kaina ce ta sa na ɗauki alƙalami ba, abin da idona ya gani a bencin jira ne.

Ranar da sakamakon gwajina ya fito, a tsaye aka ba ni shi a bakin ƙofa, mutane na kai da komo. Wanda ya miƙo takardar ya dubi ɗana ya ce, "Kansa ce, ku je ku nemi kuɗi," sannan ya kira mai bi mini. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin na ga yawan mutanen da ke jiransa, amma na yi mako guda ba na iya cin abinci. Bayan wata biyu wata nas ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta kama hannuna ta ce, "Inna, sumarki za ta zube, za ki yi amai, bakinki zai yi ɗaci, amma duk zai wuce, kuma duk abin da ya dame ki ki tambaye ni." Maganar ba ta kai minti goma ba, amma ita ta hana ni gudun kemo.

Mafi yawanmu sai mun bar jihar kafin mu samu gashi, wasu Sakkwato, wasu Zariya, wasu har Abuja. Shi gashin 'yan mintoci ne, sai dai ana yin sa kullum daga Litinin zuwa Juma'a har tsawon makonni, don haka dole mutum ya tare a garin. A inda aka yi mini nawa na haɗu da wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Yawuri, mai ciwon dajin bakin mahaifa. Mijinta ya sayar da buhunan shinkafarsa da awakinta biyu ya biya kuɗin na'ura, ya koma gona, ya bar ta da 'yarsu da ba ta wuce shekara goma sha huɗu ba. A kan tabarma suke kwana cikin hunturu, yarinyar tana dafa ɗan abin da suka samu a murhun duwatsu uku, da asuba kuma ta wanke zannuwan uwar tun mutane ba su tashi ba, saboda kunyar jinin da ke zuba. Ba su kai rabin kwanakin ba guzuri ya ƙare, suka koma gida, alhali kuɗin gashin a biye yake. Kafin damina labarin rasuwarta ya iske ni. Allah Ya jiƙanta.

Sai kuma raɗaɗi, wanda ba a cika maganarsa ba. Ciwon daji idan ya kai ƙashi, farasitamol ba ya taɓa shi. Akwai ruwan mofin da ake sha da baki, yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne a tanada, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kemo ba. Amma magani ne da doka ta tsaurara a kansa, kuma tun da shaye-shayen kodin da tiramol ya addabi matasanmu har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, tsoro ya shiga zukatan iyalai da ma wasu ma'aikata. Mai kukan ciwo a ƙauye sai a ce ya yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, na yarda, amma Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, kuma rage wa majinyaci azaba yana cikin magani ko da ba a sa ran warkewarsa. Haka nan idan gyambo ya fashe ya soma wari, sai a mayar da mutum ɗakin baya, a ware masa kwano, alhali ciwon daji ba a ɗaukarsa, kuma wankin ciwo da magani da bandeji mai tsabta yana rage warin ƙwarai.

Ba na musun cewa ana ƙoƙari. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon dajin mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma a Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa, kyauta. A nan Kebbi, wayar da kan da Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid suka yi ya sa mata da yawa sun daina cewa daji ba ya son ƙarfe, sun fara zuwa gwaji. Sai dai ƙiyasin hukumomin lafiya na duniya ya nuna sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon a Najeriya duk shekara, da yawansu kuma sai ya yi nisa suke isa asibiti. Su ma suna da haƙƙi a kanmu.

Wannan ya sa mu mata goma sha ɗaya da jinya ta haɗa muka fara tara kuɗi kamar adashi, sai dai kwasar ba ta kowa ba ce, ta wadda ta fi shiga matsi ce. Da shi muke biyan kuɗin mota, mu sayi auduga da bandeji, mu aika da gero da mai ga masu zaman gashi. Huɗu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da jikina ya yi sauƙi nakan ɗaura ɗankwali in zaga makarantun Islamiyya, gidajen biki da wurin masu casar shinkafa ina bayani, ranar da ciwo ya motsa kuma sai dai waya. Wasu na cewa in kwanta in huta in yi ta istigfari. Ina yin istigfarin, amma fuskar yarinyar nan mai wanki da asuba ba ta barina in kwanta.

Burinmu yanzu shi ne mu kama hayar gida mai 'yan ɗakuna kusa da asibitin gashi, mu kuma ɗauki nauyin nas guda da za ta riƙa bin majinyata gida tana wanke ciwo tana koya wa masu jinya. Ina kira ga manoman shinkafa na Argungu, Suru da Bagudo su tuna cewa matalauci da matafiyin da guzuri ya yanke masa suna cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ba zakka, kuma matar nan ta Yawuri ta haɗa duka biyun. Mai gidan da ba kowa a ciki ya ba da shi waƙafi. Shugabannin direbobi a tashoshinmu su ware kujera guda ga mai takardar asibiti. Gwamnatin jiha ta horar da ma'aikata kan kula da raɗaɗi, ta tabbatar mofin ya isa manyan asibitocinmu bisa ƙa'ida. Hukumomin asibiti kuma su ware ɗaki da kujera domin sanar da irin wannan labari.

Da gangan ban sa lambar asusu a nan ba. Mai niyya ya je sashen masu ciwon daji na asibitin da ke kusa da shi, ya tambayi nas wadda ta rasa kuɗin komawa gida, ya gani da idonsa. Mu kuma mun yi alkawarin karanta lissafin duk abin da ya shigo hannunmu a gaban limami da shaidu ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, idan Allah Ya kai mu.

Wassalam,
Wata majinyaciya, daga Jega, Jihar Kebbi.