Wasiƙa zuwa ga abokina, kan sojan nan mai tseren kwale-kwale

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya su Hajiya, ya kuma jikin ƙanin namu? Tun ranar da ka ce min ya daina fitowa ko ƙofar gida bayan an yanke ƙafar, wallahi abin na raina, shi ya sa na ce bari in ba ka labarin wani da na daɗe ina bibiya.

Sunansa Curtis McGrath, tsohon sojan Ostireliya ne, cikin injiniyoyin da ke shiga gaba suna neman bam ɗin da aka binne kafin sauran su wuce. A watan Agustan 2012 a lardin Uruzgan na Afganistan ya taka guda, yana ɗan shekara 24, ƙafafu biyu duka suka tafi. Kuma shi ne mai horon taimakon gaggawa a cikinsu, to yana kwance jini na zuba shi ke faɗa wa abokansa yadda za su ɗaure shi da allurar da za su yi masa, da suka ɗauko shi a gadon ɗaukar majinyata sai ya ce musu za su gan shi a gasar Paralympics, wato Olympics ta masu nakasa. Ni a ganina hankalinsu yake son kwantarwa, don su ma a ruɗe suke.

Wurin da ya fi taɓa ni ma ba nan ba ne. Da ya warke ya fara tuƙa wani kwale-kwale da ake kira va'a mai ɗan reshe a gefe, har ya ci gasar duniya a Mosko a 2014, kwatsam aka ce ba za a yi irinsa a Paralympics ta birnin Rio ba, sai kayak. Shi kuwa kayak siriri ne kamar kara, filafilinsa baki biyu, kuma masu ƙafa da ƙafar suke tokarewa su samu ƙarfi, shi kuwa ya rasa nasa ƙafafun. Haka ya koma ɗan koyo. A Rio 2016 ya ci zinare a mita 200, daƙiƙa 42 da ɗan ɗoriya, shekara huɗu kacal bayan bam ɗin. Ya ƙara biyu a Tokyo, ya sake ci a Faris 2024.

Na sani ba ɗaya ba ne, shi ya samu asibiti mai kyau da ƙafar roba da masu horarwa, namu kuwa kai ka fi ni sanin wahalar da kuke sha. Don Allah kar ka je masa da wa'azin "dubi wane". Zan turo maka bidiyon tseren ta WhatsApp, ka kunna kawai kuna zaune, in ya tambaya ka ba shi labari, in bai tambaya ba ka ƙyale shi.

Ka turo min lambarsa kuma, ina so in ji muryarsa. Allah ya ba shi lafiya, a gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.