Shugaban wasannin makaranta ba koci ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi tsokaci kan shugabannin wasanni na makarantun sakandaren Amurka. A can, mai wannan kujera shi ke ɗaukar masu horaswa, ya tsara jadawalin gasa, ya kula da kuɗi da motocin tafiya. Abin da ya fi burge ni, na kirkinsu ba sa jin nauyin zaunar da ɗan wasa a benci idan makinsa ya faɗi a aji, ko da kuwa shi ne gwarzon ƙungiya. Kuma tun dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya, dole a ba 'yan mata nasu kason a wasanni.

Mu nan kuwa, sai gasar gidaje ta matso ake tuna malamin wasanni.

Naku,
Wani malami daga Zariya