A Riƙa Bin Sawun Rahoton Binciken Cutar da Yara

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ce wani abu kan darasin da hukumomi ke ɗauka idan an cutar da yaro. A Ingila, bayan rasuwar Victoria Climbié, yarinyar da masu riƙonta suka azabtar, a 2000, binciken Lord Laming ya gano cewa likitoci da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun ga yarinyar, amma kowa ya riƙe abin da ya sani a cikinsa. Aka yi dokar kare yara a 2004. Sai ga shi a 2007 an sake rasa wani yaro, Peter, a Haringey, yankin London da ita ma Victoria ta zauna.

Roƙona, jaridarku ta riƙa komawa ga hukumomi bayan shekara guda da fitowar rahoton irin wannan bincike, ta tambaye su wace shawarar rahoton suka aiwatar.

Naku,
Wani mai karatu